Ruwa Nawa Kake Zubawa, Obrad?

Jawabin Farfesa Obrad Lekic a taron kwana arba'in na Dakta Radmila Vuksan, Belgrade

Uba mai albarka, limamin cocin da ya ja mana addu'a, shugaban cibiyarmu, Milutin mijin marigayiya, Vesna 'yarta, abokan aiki, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya.

Na ga yadda kuke kallona. Ni ma ban san me nake yi a nan ba. Kowa ya san shekara ashirin da shida ba ma ga maciji da Radmila.

Ta kasance mai haƙurin da mu ba mu da shi. A ɗakin gwaji takan zuƙe iska daga tukunyar gilashi har ruwa ya tafasa da ɗumin ruwan wanka, ta zauna tana jiran ƙwayar kumfa ta taso daga gindi, ta auna girmanta, ta ƙirga daƙiƙa nawa kafin wata ta biyo. Ta ce kumfarta kamar lemo take, kuma jefi-jefi take tashi. Ni kuwa da na yi gwajin, tawa ba ta wuce gyaɗa ba, ga ta bi da bi. Ruwa ɗaya, matsi ɗaya. To, wa ke ƙarya?

Na tashi a gaban kwamitin cibiyarmu na ce ita ce. Na ce ƙirƙirar lambobinta ta yi. Aka hana ta kujerar farfesa, har ta rasu da wannan tabo a sunanta.

Sau ɗaya ta tare ni a matakala. Ta ce, "Obrad, ruwa nawa kake zubawa a tukunyarka?"

Na ce, "Ke a kicin kika ɗauka muke?" Na wuce ina jin na yi magana.

Makon jiya Milutin ya kawo mini littafin aikinta, ya ce ta bar wasiyya ni zan yi jawabi yau. A wani shafi ta rubuta: "Obrad yana cika tasa har wuya, tawa yatsa huɗu. Babu mai ƙarya." Jama'a, idan ka zuƙe iska kusan duka, nauyin ruwan kansa shi ke danne kumfar a gindi. Mu duka a saman ruwa muke auna matsi, babu wanda ya rubuta zurfi. Ina gama karantawa na je na rage ruwan tukunyata. Wallahi sai ga kumfa kamar lemo, ta taso ta fashe a gabana. Na koma na duba kwanan watan shafin.

Shafin nan tun shekarar da muka yi rigimar ne. Ta sani! To me ya hana ta fito da shi? Girman kai ne? Tausayina ta ji? Ko jira take in gano da kaina, ni kuwa na yi ta zama kamar dutse?

Ɗazu na tambayi Milutin. Ya ce, "Haba Obrad! Shekara arba'in muna tare ban gane ta ba, kai a sati ɗaya kake so?"

Na ce, "To kiran nan, yafiya ce ko horo?"

Ya ce, "Je ka yi magana dai, tsoho. Dafaffiyar alkamar da za a raba sadaka na jira."

Vesna, kina da shekara tara lokacin. Kin girma kina jin ana rage murya idan an ambaci aikin mahaifiyarki. Ban san abin da ta so ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abu ɗaya na sani, kuma shugaba, ina roƙo a rubuta shi a littafin cibiya da sunana a ƙasa: Radmila Vuksan ba ta ƙirƙiri ko lamba ɗaya ba. Ni na faɗa a bainar jama'a, ni na janye a bainar jama'a, kuma na san na makara.

Na gode da kuka bar ni na kai ƙarshe. Allah ya ba ta hutawa, ya sa ta cikin haske, ya ba iyalinta dangana. Ni kuwa ba na neman ku yafe mini yau.