Taswirar Makwancinmu da Kwalbar Yashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kafin in gaida kowa, ga gargaɗi: duk uwar da ke da ɗa mai ƙaiƙayin hannu ta buɗe kunne, domin gemun gidana ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa.

Shugaban ƙungiyarmu Alhaji Moustapha, limaminmu Malam Ilyas, dattawan unguwarmu ta Nombakélé, iyayena mata da 'yan'uwana, matafiyanmu da za su hau jirgin ruwa gobe a tashar Port Môle, da ku matasa da kuka jingina da bango kuna dariya tun ban fara ba, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina godiya da aka ba ni, ni Rahamatou, damar magana a wannan taro na ban kwana. An ce in yi bayanin abin da ya sa taswirar maƙabarta ta makara, kuma zan yi, ba tare da na rufa wa ɗan cikina asiri ba.

Da farko, kun san halin da ake ciki. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa komai ya ninka, ga samamen takardar zama ya hana mutane sakat, har da yawa sun zaɓi komawa gida. Cikin masu tafiya akwai Baba Ɗanlaraba, ga shi can zaune. Shekara ashirin da shida yana haƙa mana kabari, kuma shi kaɗai ya san wane ne kwance a ina, don mu ba ma rubuta suna a kan kushewa. Ni mace ce, ban raka gawar mijina ba. In Baba ya hau jirgi da wannan sani a kansa, jikokina za su tambaye ni inda kakansu yake, in nuna musu fili.

Shi ya sa ƙungiya ta ɗora wa 'yata Jamilatu, mai zanen katin biki a kwamfuta, aikin zana taswira. Mako uku Baba yana zuwa kullum bayan la'asar, yana faɗa tana ja. Kowane kabari da ɗan layinsa, wannan ya karkata, wancan ya matsa kusa da bishiyar mangwaro. Aiki yana tafiya lafiya lau, saura layi biyu, kuma a cikinsu mahaifinta yake.

Na biyu, sai ga yayanta Abdulƙahar, wanda ya yi boko har ya fi ƙarfin tambaya. Ya dawo daga unguwar Okala da albishir, wai abokinsa yana da sabuwar manhajar zane, ta fi tsohuwar sauri, ta fi ta kyau. Jamilatu ta tafi kasuwa, shi ya zauna ya ɗora ta a kwamfutar a madadin tsohuwar. Da yake faifan diskat ya yi tsada, kun san abin da ya yi? Ya kwashi fayafayan tsohuwar manhajar, ya goge su tas, ya kwafo sabuwar a kansu. Ya rushe gada, ya gina rumfa da katakonta, alhali muna tsakiyar kogi.

Jama'a, na ga nawa a duniya, ban taɓa ganin irin wannan ba. Jamilatu ta taɓa kabari ɗaya, sai wata 'yar kwalbar yashi ta fito a allo ta tsaya tana kallonmu. Na ɗora shinkafa, na wanke kifi, na dawo, kwalba tana nan. In ta gushe, sai na'urar ta soma sake zana maƙabartar tun daga ƙofa, kabari bayan kabari, kamar mai karanta wasiƙar jaki. Maɓallin da yarinya ta saba samu a hagu ya koma dama, na dama ya ɓuya cikin wani jeri, ta yi ta lalube kamar baƙuwa a ɗakinta. Sau huɗu a yini ɗaya allo ya daskare, aikin ya tafi.

Na ce, “Abdulƙahar, mai da mana ta da.” Ya ce, “Mama, babu ita.” Na ce, “To wannan me ke damunta?” Ya ce, “Memuwar, wato ƙwaƙwalwar ajiya, take so a ƙara mata.” Na ce, “Ai kai ne kake bukatar ƙarin memuwar, da ka tuna an taɓa yi maka tarbiyya.” Da ya je tambayar kuɗin abin a kasuwar Mont-Bouët, sai ya dawo hannu rabbana, don tsadarsa ta fi ƙarfinmu.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Ashe sabuwar tana da wani hali na son gyara. Duk kabarin da aka matsar, sai ta fizge shi ta jera shi daidai da na kusa, kamar sojoji a fareti. Baba ya zo ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “'Yata, wannan maƙabartar Turawa ce. Ni ban haƙa haka ba. Nan akwai dutse, na kauce. Nan jariri ne, na saka shi gefen uwarsa.” Abdulƙahar ya ce, “Baba, ai ya fi tsari.” Baba ya ce, “Tsarin da zai sa ka tsaya a kan wani kana kiran sunan ubanka?” Garin gyaran gira, mun kusa rasa ido.

Ranar Litinin na zare wayar na'urar da hannuna. Na cire babbar kalanda daga bango, na juya bayanta, na ba Abdulƙahar fensir, na ce ya bi Baba maƙabarta. Kwana uku yana tafe cikin rana da ruwan sama, yana ƙirga taku yana rubuta suna, har takalminsa na gayu ya buɗe baki. Jamilatu ta bi da tawada. Ga taswirar nan a bayana, a karkace yadda aka haƙa, babu wanda aka bari. Mijina yana layi na uku, na bakwai daga mangwaro. Ɗansa ya tsaya a kansa ya yi addu'a, karo na farko cikin shekara tara.

Allah ya jiƙan na kwance, ya kai matafiyanmu lafiya, ya kare mazauna daga wulakanci. Baba Ɗanlaraba, Allah ya haskaka makwancinka kamar yadda ka gyara na namu. Matasanmu, Allah ya ba ku ilimi, ya haɗa muku da hankali.

Ga dokar da na kafa a gidana, duk mai so ta ara: abin da ke aiki ba a taɓa shi sai an gama aikin da ke kansa, kuma ba a goge tsoho sai sabo ya yi wata guda yana biyayya. Wanda ya karya, fensir yana nan, kalanda ma ba ta ƙare ba.

Na gode.