Bencin Gaban Saniya

Bayan rasuwar maigidana nakan zauna a tashar bas, daura da gidan zane-zanen da aka rushe aka sake ginawa. Nan na ji wani tsoho ya tare wani mai fenti, yana nuna sabon ginin.

"Ku kuka gina wannan firjin?"

"Fenti kawai na yi, Baba. Ai ya fi tsohon. Wancan yoyo yake, har baƙi na tsayawa suna yaba bokitan tarar ruwa."

"Bokitan sun fi rabin zane-zanen kyau."

"To me kake kewa?"

"Wani benci ne, gaban zanen saniya mai kama da tebur. Nan matata take zama tana zagin mai zanen. Yau na shiga, saniyar na nan. Ba benci, ba ita."

"Allah ya jiƙanta. Bencin nan mai gurguwar ƙafa? Yana bayan gini, a kansa muke cin abinci. Gobe za a kwashe shi da shara."

"Ita ta karya ƙafar, garin dariya."

Bas ta zo, mai fenti bai hau ba.

"Taso mu ɗauko shi, Baba. Ka kama gaba, in kama baya."