Hular Muntasir

A jirgin ƙasa na LRT mai zuwa Bukit Jalil a Malesiya, wani dattijo Bahaushe ya ƙare wa shaddar Muntasir kallo.

"Samari, ɗaurin aure za ka?"

"A'a, Baba. Farfesana ne ya gayyace ni wasan mawaƙan rock. Ba na son in ba shi kunya."

"To, babu kujera fa. A tsaye ake yi, ana tsalle ana kaɗa kai. Sai kunnenka ya kwana biyu yana ƙara. Hular nan kuwa, ku yi sallama tun yanzu."

Muntasir ya dafe hularsa. "Baba, ina ka san duk wannan?"

Dattijon ya shafa sanƙonsa da babu hula, ya juya yana kallon taga.

"Tawa ta fi taka tsada."