Hankaki Sun Kashe Mini Maraƙi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sale, manomi daga wani ƙauye kusa da Izom.

Saniyata ɗaya ce tak. Makon jiya ta haihu a bakin gona, na je gida ɗebo mata ruwa. Kafin in dawo, hankaki sun tsone wa maraƙin ido, sun caccaki cibiyarsa, uwar tana kwance ta kasa tashi. Kwana biyu ya yi ya mutu. Har yau kuka take, ta ƙi cin ciyawa.

Maiɗakina ta ce, “Malam, da ka yi mata rumfa.”

Makiyaya masu sauraro, don Allah ku faɗa mini: rumfa tana hana su, ko sai mutum ya tsaya har maraƙi ya miƙe?