Ƙafar Mai Ɗinki

A ɗakin jiran masu ƙera ƙafar roba, wani magini da aka yanke wa ƙafa ya dubi tsohuwar da ke gefensa.

"Inna, wa kika rako?"

Ta ƙwanƙwasa ƙwaurinta, ya yi ƙara. "Ita na rako, dunduniyarta ta cinye. Shekara shida tana taka min keken ɗinki. Da bututun ruwa suka yi ta, Allah ya saka musu."

"Ba ta ciwo?"

"Ai wadda aka haife ni da ita ce mai ciwo!"

Ya yi dariya, sannan ya sunkuyar da kai. "'Yata ta fara rarrafe, Inna."

"To shiga su auna ka, ɗana, kada ta riga ka tafiya."