Kafin La'asar Mun Binne

A tashar Dutse ana jiran motar Ringim ta cika. Wani dattijo ya kashe rediyonsa, matar da ke gefensa riƙe da kular allurar suga ta juyo.

"Baba, me suka ce?"

"Wai a Turai sukan ciro abin da ke sarrafa suga daga cikin mamaci, inji ya riƙa shayar da shi kamar lambu, har a dasa wa mai ciwon."

"Ɗana ke fama da shi. Amma wa zai ba mu? Mu kafin la'asar mun binne."

"Haka addini ya ce, 'yata. Nawa ɗan ma da mota ta kaɗe shi, kafin azahar muka rufe shi. Lafiyayye, ko ciwon kai ba ya yi."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Naki ya girma?"

"Bana ya gama sakandare."

Dattijon ya daɗe yana duban kular.

"Ashe sa'anni ne."