Na Kai Baya Asibiti, Na Ɓoye Ciki

Ƴan'uwa, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta zauna tare da ku duka.

Shekara bakwai na yi ina ɗauka cewa ciwo biyu gare ni, kuma babu abin da ya haɗa su. Na baya, na ɗora wa moto, wato babur, laifinsa, domin aikina shi ne zagaya makarantun ƙauye daga Madarumfa zuwa Gabi da Safo ina duba malamai. Na ciki kuwa, na ce yaji ne da jinkirin abinci.

Wani likita a Maradi ya ɗauki hoton bayana, ya ce ba moto ba ne. Kumburi ne a gaɓoɓin ƙashin baya, irin wanda ke sandarar da mutum da safe, kuma in aka bar shi yakan manne gaɓoɓin. Ya rubuta mini ƙwayoyi, suka yi aiki. Amma duk zuwana sai ya tambaya, "Malam, ciki fa?" Ni kuma in ce, "Lafiya lau."

Ƙarya nake yi. Ina tsoron ya janye ƙwayoyin, domin in babu su ba na iya ɗaga ƙafa in hau moto, kuma aikin da nake ƙauna ya ƙare ke nan. Sai na riƙa kashe zafin ciki da jiƙon kanwa, kamar yadda na ga mahaifina yana yi. Mutumin da ya gama jami'a! Kunyar faɗin wannan ma ta ƙara rufe mini baki.

Wata Talata, a wani aji a Safo, jiri ya kayar da ni gaban yara. Kwana uku ke nan ina yin bayan gida baƙi ƙirin, ban gaya wa kowa ba.

A asibiti, matata Rahila ta aje gwangwanin kanwar a kan gadona.

"Baban Iliya, ko ka faɗa, ko in faɗa."

"Ki ba ni minti biyar," na ce.

"Shekara bakwai ba ta ishe ka ba?"

Ta fita. Na rufe ido domin in yi addu'a, sai na gane wani abu da ya girgiza ni: kullum ina roƙon Allah a kan bayana, amma ban taɓa ambata masa cikina ba, domin na san abin da zai nema daga gare ni. Na ce, "Ya Uba, ga ni dukana. Ko za a karɓe moton, na daina ɓoyewa." Da likita ya shigo, na faɗa masa kome.

Gwaji ya nuna wata ƙwayar cuta, Helikobakta, zaune a cikina. Ita da ƙwayoyin baya suka haɗu suka yi mini gyambo har ya zubar da jini, kanwa kuma tana rufe alamar. Na tambayi likitan ko ƙwayar cutar ce ke hura kumburin bayan. Ya ce, "Masu bincike na zargin haka, amma ba su daidaita ba tukuna. Abin da na tabbata shi ne, ba zan iya yi wa bayanka magani ba alhali cikinka na zubar da jini."

Ya tsayar da ƙwayoyin. Na sha maganin ƙwayar cutar mako biyu, na yi wata biyu a gida, Rahila ce ke sa mini takalmi. Da gwaji na biyu ya fito babu ita, ya canza mini maganin baya.

Har yau ina tambayar kaina: kashe ƙwayar cutar ne ya sassauta bayan, ko sabon maganin? Ban sani ba, kuma ba zan tsaya a gidan Allah in faɗi abin da ban sani ba. Ciwon bayan bai rabu da ni ba. Abin da Ubangiji ya cire mini shi ne tsoron da ya sa na yi ƙarya. Yabo ya tabbata gare shi! Ku dogara gare shi, ƴan'uwa, ku kai masa ciwon da kuke ɓoyewa, likita ma ku gaya masa duka.

A da, sai na yi fiye da awa guda da safe kafin in iya sunkuyawa. Yanzu kafin ruwan shayi ya tafasa na sa takalmina da kaina. Ranar Litinin da ta wuce na je Gabi a kan moto.